Keken Matar Akawu

Kwanakin baya aka saya wa jikata keken ɗinki sabo, fari fat, ba nauyi, kamar kwanon roba. Da hannu ɗaya ta ɗauko shi ta ɗora a kan tebur. Ba a je ko'ina ba ya fara gurnani, ya cije. Aka kai wa mai gyara, ya juya shi gaba ya juya shi baya, ya ce irin wannan ba a buɗe shi, in ya mutu ya mutu ke nan, sai a sayi wani. Yarinyar ta dawo tana ba da labari tana dariya, ta sa ƙafa ta tura shi ƙarƙashin gado. Amma dariyar nan ta dame ni, har tuwo ya ƙi yi mini daɗi. Mu a tasowarmu, ranar da abin sana'a ya kwanta gidan ma kwanciya yake yi, ba mai ɗaga murya sai ya tashi.

Unguwar Shanun da na sani, da kunne ake gane lokaci a cikinta. Da asuba ƙarar bokitai a bakin famfo, da rigimar wadda ta riga wata ajiye nata. Rana na ɗagowa sai ƙararrawar kekunan ma'aikata, suna gangarawa ofisoshi, kowa ya cusa bakin wandonsa cikin safa. Daga nan maza sun ƙare a unguwa. Sai turmi da taɓarya, sai rediyon wani da aka manta ba a kashe ba, sai mai tallan kananzir da muryarsa ta hanci. A ƙarƙashin duk wannan kuwa, kamar numfashi, akwai kekunan telolin bakin titi, wani ya tsaya wani ya ɗauka. Ina daga cikin ɗaki nakan san telan da ya ba kekensa mai da wanda ya yi lalaci. A lokacin ba a daɗe da canza kuɗi ba, tsofaffi na ta faɗa da naira suna cewa a mayar musu da fam ɗinsu, motoci ma sun koma bin ɗaya hannun, muna ta cewa duniya ta juye. Ashe ba mu ga komai ba. Yau in na zauna a ƙofar ɗaki janareto ne da babura, ƙara ɗaya daga safe har magariba, ba ta gaya maka komai game da kowa.

Ni 'yar tela ce. Mahaifina yana da rumfa a Kawo, daf da tasha, inda fasinjan da aljihunsa ya yage zai tsaya a kama masa kafin mota ta cika. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Idona ne ya yi mini karatu. Ranar Juma'a da safe Baba ba ya karɓar ɗinki, wanka yake yi wa keke, haka yake kiran abin. Ni ke kai masa koko, in ajiye, in ƙi tafiya. Ya ɗago ya ce, "Ke, aiko ki aka yi ko tsayuwa?" Sai in ja da baya kaɗan in sake tsayawa. Bai taɓa bari na sa hannu ba, a wurinsa keke ba na 'ya mace ba ne. Amma bai ce in rufe ido ba. Zai ajiye faifai a gefe, ya zare igiyar fatar da ke juya wili, ya cire allura, ya kwance 'yar ƙafar da ke danne yadi, ya ɗaga farantin da ke ƙarƙashinta. Duk abin da ya cire sai ya jera shi a faifai daga dama zuwa hagu, in ya zo mayarwa ya faro daga hagu, don kada wani ya riga wani. Da gashin kaza yake share audugar da ta cushe tsakanin haƙoran keke. Da kananzir a gwangwanin madara yake wanke datti. Sa'annan man keke, ɗan siriri mai haske kamar ruwa, a kowace kafa ɗigo ɗaya. "Na biyu yadin mutane ne zai sha," in ji shi. In noti ya ƙi kwantuwa ba ya matsa masa. Yakan ce wa masu koyo, "Kada ka yi fushi da ƙarfe. Jiƙa shi, ka je ka yi wani abin." In ya gama sai ya kara kunne a jikin keken, ya juya wili a hankali, idonsa a rufe, kamar mai sauraron cikin mara lafiya.

Da aka yi mini aure aka kai ni wani gidan haya a Unguwar Shanu. Maigidana masinja ne a ofis. Ɗakuna a jere, tsakar gida ɗaya, bishiyar mangwaro ɗaya, murhu kowa da nata. Mai gidan wata tsohuwa ce, kowa Inna yake ce mata. Ƙuli-ƙuli take yi tana sayar da man gyaɗa, tana da kaji, tana da baki. Ita ta sa mini 'yar tela, sunan ya bi ni har na bar gidan.

Matan yanzu ba su san jere ba. A lokacinmu darajar ɗakin mace tana jikin bangonta: kwanoni da langa-langa da kwalla, masu furanni ja da kore, a hau-hau har rufi, ba a cin abinci a cikinsu, kallo kawai. In Sallah ta matso sai a sauke su kaf, a wanke da sabulu, a shanya a tsakar gida, a goge, a mayar. A ranar ce ake sanin wadda iyayenta suka yi ƙoƙari. To duk gidan ba mai jere irin na matar akawu, wadda ɗakinta ke kallon nawa. Ita kuma tana da abin da ba mai shi, keken ɗinki na ƙafa, baƙi wuluk da zanen furanni ruwan zinariya. Mijinta ya saya mata a hannun wata matar Bature da za ta koma ƙasarsu, tun a lokacin tsohon yayi ne. An ce da farko ta yi ɗinki da shi, kayan yaranta da na maƙwabta. Sai akawu ya ga mata na shige da fice, ya ce kada a je ofis a ce albashinsa bai isa ba. Aka rufe keke da farin ƙyalle mai aikin kwarashi, aka tura shi gindin jere, ya zama ɗaya daga cikin kwanoni. Ni tun da na zo gidan ban taɓa jin muryar keken ba. Matar akawu ba ƙawata ba ce. Tana da ɗan ɗaga kai, gaisuwarta gajera, ni kuma ban iya bin mutum ba.

Cikin wata damina zazzaɓi ya kama akawu, bai yi doguwar jinya ba Allah Ya karɓi abinsa. Ya bar ta da yara biyu ƙanana, mace da namiji. Iyayenta sun riga sun rasu. Ta shiga takaba, ta tuɓe 'yan kunne, ta zauna a bayan labule. Bayan sadakar arba'in dangi suka watse, sai mutum ɗaya ya rage, wan marigayin, Baffan yaran. Manomi ne daga wani ƙauye can wajen Zariya, dogo, mara yawan magana, tafin hannunsa kamar bayan tukunya. A zaure yake kwana, a nan yake wuni yana jan carbi.

Wata la'asar ya yi sallama ya shigo, ya tsaya nesa da labule. Tsakaninsa da matar ƙanensa akwai kunya, don haka Inna ya yi wa magana, ko da yake duk gidan mun san da wa yake.

"Inna, a gaya mata ba don mugunta ba ne. A can akwai hatsi a rumbu, akwai 'yan'uwansu. Nan Kaduna ko itace sai an saya. In na bar su, me za ta ba su?"

Can sai murya ta fito daga bayan labule, ƙasa-ƙasa. "Inna, ki ce wa Yaya ina da keke. Na iya ɗinki."

"To, madalla," in ji Baffa. "Ni ban zo raba uwa da 'ya'ya ba. In akwai sana'a, shi ke nan. A taka in ji."

Kowace mace a gidan ta bar abin da take yi. Muka ji an ja kujera. Muka ji an yaye ƙyalle. Feda ta yi ƙara sau ɗaya, irin ta tsohuwar ƙofa, igiya ta zame sululu. Aka sake takawa, aka sake. Keke ko motsi. Baffa ya jira fiye da yadda wani zai jira, idonsa a ƙasa. Sa'annan ya yi gyaran murya ya ce, "Ranar Alhamis zan bi motar safe. A haɗa musu kayansu." Ya koma zaure.

Da maigidana ya dawo na sa ya tambayo mai gyara a kasuwa. Aka ce layi ne, kekunan teloli a jibge, sai bayan makonni. Inna ta ce ko ba layi ma ba za a kai ba, su kwashe kayan cikinsa na asali su cusa tarkace. Namiji kuma ba ya shiga ɗakin mai takaba. Ni dai ba ruwana, haka na gaya wa kaina. Sai dai na ga yadda 'yar yarinyar ta riƙe gefen zanen uwarta ko bayan gida za ta, ni kuma ga nawa goyon a baya yana huci a wuyana. Da safe na yi sallama na shiga ɗakin, karo na farko ba don gaisuwar mutuwa ba.

Keken na sheƙi kamar an lashe shi. Na kama wili, kamar na kama bango. Na sunkuya na shinshina, wari ya bugo ni, irin na tsohuwar kwalbar mai da aka manta a lungu.

"Me kike zuba masa?"

"Mai."

"Wane mai?"

"Man gyaɗa mana. Duk Sallah in na sauke jere nakan wanke shi da sabulu tare da kwanoni, in ya bushe in shafe shi, in ɗura masa a kafofin nan. Ban taɓa fashi ba."

Inna na bakin ƙofa, ta ce, "Kuma man nawa ne, ba algus a ciki."

"Ai shi ya sa, Inna. Man ki ya yi kyau har ya zama ƙaro. Ruwan sabulu ya shiga ya yi tsatsa, mai ya bi ya liƙe ta. Wannan keke ba mutuwa ya yi ba, kulawa ce ta yi masa yawa."

Matar akawu ta dube ni, idonta ya faɗa. "'Yar tela, kin iya buɗewa?"

"Ban taɓa ba. Na dai ga ana buɗewa."

Inna ta ce, "Ni ma na ga ana tuƙa jirgin ƙasa."

Ban kula ta ba. Na ce a kawo faifai.

Yau in abu ya samu mutum a gida sai kowa ya leƙo ta taga ya ɗauki hoto. A gidan nan kuwa, kafin in gama ɗaure zanena, kowace mace ta tsiyayo kananzir daga fitilarta ta kawo, wata a murfin kwalba, wata a gwangwani, sun san a ranar da wuri za su kwanta. Sukundireba na ciro daga jakar keken hawan maigidana da ya bari a ɗaki. Ƙananan notuna kuma Inna ta ba ni tsohuwar wuƙarta na wasa bakinta a dutse. Man keke aka roƙo 'yar kwalba wajen wani tela a bakin titi. Muka kwance kan keken daga teburinsa, mu uku muka ɗauko shi, nauyi kamar dutsen niƙa, muka ajiye a tsakar gida inda rana ke bugawa, don zafi ya sassauta daskararren man. Na cire allura, ta yi ja da tsatsa. Na cire 'yar ƙafa, na cire faranti. Abin da na tarar a ƙarƙashi ba ya faɗuwa: auduga da mai da gawar kyankyasai sun haɗu sun zama kamar daddawa. Gashin kaza ya karye a ciki, sai da tsinke na yi ta ƙwaƙulowa. Duk abin da na cire sai in dube shi da kyau, ta ina ya fuskanta, me ya hau, me ya hau shi, sa'annan in ajiye a faifai daga dama. Matar akawu na gefena da tsumma, duk abin da na miƙa mata ta wanke a kananzir ta goge. Hannun da ban taɓa gani da datti ba ya yi baƙi har wuyan hannu.

Na ɗura kananzir a kowace kafa har ya riƙa ɗiga ta ƙasa, ja-ja kamar ruwan kanwa. Na kama wili, ya ƙi. Zuciyata ta ce in sa ƙarfi, sai na ji muryar Baba. Na tashi na je na ɗora sanwa. In na dawo in ƙara kananzir, in ɗan girgiza wili gaba da baya, in sake tafiya. Haka muka wuni. Hadari ya haɗo muka kwashe komai a guje, ruwa ya yi ta dukan kwano, Inna na cewa gara ma a haƙura. A ranar keke bai motsa ba.

Washegari, Laraba, rana ta fito tas, muka sake fitar da shi. Da hantsi na ɗora hannu a wili, ba da wani tsammani ba, sai na ji ya ba ni kamar faɗin ƙwayar gero. Na mayar, na sake turawa, ya ba ni faɗin farce. Ban gaya wa kowa ba, na ci gaba, har ya yi wani nishi daga ciki, sandar allura ta sauka ta hau. Matar akawu ta dafe ƙirji. Inna ta ce, "Af, jirgi ya tashi."

Saura wuri ɗaya. A ƙarƙashin allura akwai ɗan gidan ƙarfe da kwarkwaron zaren ƙasa ke zama a ciki, teloli na ce masa shatil. A jikinsa akwai ɗan siririn ƙarfe mai danne zare, an ɗaure shi da noti wanda bai kai ƙwayar dawa ba. In babu notin nan zaren ƙasa ba ya kamuwa, ko keke na gudu kamar doki ba ɗinki. Mai ya daskare a ƙarƙashin ƙarfen, dole a kwance. Da bakin wuƙar Inna na lallaɓa shi ya fito, na wanke shi yana ƙyalli, na ajiye a ƙarshen layi.

Baba a rumfar tasha yake aikinsa, rumfar tasha kuwa ba kaji. A cikin gida, duk kazar da ta ga faifai a ƙasa ta san abin da ake nufi. Goyona ya motsa, na juya in gyara majanyi, sai na ji ƙwas. Na waiwayo, kajin Inna sun watse, layin faifai na nan daram, ban da na ƙarshe.

Mata suka zube a ƙasa suna lalube. Aka share wurin, aka tankaɗe ƙasar da rariya. Na bar su suka gama, sa'annan na ce, "Ba ya ƙasa. Kazar can wake-wake ce ta haɗiye."

Ita ce kazar da Inna ta fi ji da ita, tana tsakar ƙwai.

"Duk kajin gidan nan ba ki ga mai laifi ba sai mai ƙwai?"

"Ita ce, Inna. Na ga ta miƙe wuya."

"Ba a saye a kasuwa?"

"Na tsohon keke irin wannan, ko an samu ba yau ba."

"To a kife ta da kwando, gobe ta fitar."

Na ce, "Gobe motar safe."

Inna ta dubi matar akawu. Ba ta roƙa ba, ba ta yi kuka ba, tana zaune a ƙasa da baƙin hannunta a kan gwiwa, tana kallon faifai. Inna ta ja tsaki, ta dafa gwiwa ta miƙe, ta watsa tsaba, da hannunta ta cafke kazar. "Makwaɗaiciya. Ga tsaba kin bari kin ci ƙarfe. 'Yar tela, in aka buɗe ba a samu ba, ke za ki riƙa yi mini ƙwai."

Sai kuma muka tsaya muna kallon juna. Mace ba ta yanka a gidajenmu. Mazan gidan duk suna ofis, na maƙwabta ma haka. Namiji ɗaya ne a kusa, yana zaure da carbinsa. Matar akawu ta ce a raɗa, "Inna, don Allah kada ki gaya masa dalili. Zai ce abin wasa ne." Inna ta ce ita da furfurarta ba za ta tsaya gaban namiji ta yi ƙarya a kan kaza ba. Ta yi gaba, na bi ta da wuƙa da buta.

Baffa ya karɓi kazar ya auna ta a hannu. "Inna, baƙo aka yi? Wannan ai mai ƙwai ce."

Inna ta kwashe labari ta gaya masa, tun daga man gyaɗa har faifai. Ina tsaye ina kallon fuskarsa. Da ya so, sai ya ce asara ce, a bari zuwa gobe, kuma ba wanda zai ga laifinsa. Bai yi dariya ba. Ya sa babban yatsa yana latsa gindin wuyan kazar a hankali.

"Tun yaushe?"

"Yanzun nan, Baffa," na ce.

"To a yi hanzari. Yana nan sama, bai sauka ƙundu ba. In ya sauka tsakuwa za ta cinye shi."

Ya fuskanci alƙibla ya yi bisimilla ya yanka. Bai miƙo mana ba. Da kansa ya tsaga 'yar jakar da kaza ke tara tsaba, ya juye a kan ganyen mangwaro, ya durƙusa yana tonawa da manyan yatsun nan nasa, ƙwaya bayan ƙwaya. Can ya ɗago wani abu ya ɗora a tsakiyar tafinsa.

"Wannan ne? Wannan ɗan abin?"

"Shi ne, Baffa."

"Ikon Allah," in ji shi. Ya zuba masa ruwan buta, ya goge a gefen rigarsa, ya miƙo mini. Allah Ya jiƙan bawan nan, Ya jiƙan Inna. Duk sun riga mu.

Wannan karon a cinyata na ɗora faifai. Na faro daga hagu, kowane ƙarfe ya koma ɗakinsa, ba abin da ya rage. Kowace kafa ɗigo ɗaya. Muka mayar da kan keke bisa teburinsa. Igiyar fata ta saki don daɗewa, na yanke kaɗan na sake haɗa bakinta da waya. Na taka ba zare, tsumma a ƙarƙashin allura, har ya daina zubar da baƙi. Na kara kunne, na ji yana tafiya sumul, ba inda ke kukan ƙishi. Da na sa zare sai ƙasan ƙyalle ya cukurkuɗe. Na ciro shatil na rataye shi da zarensa, kamar yadda Baba ke yi, ya zube ƙasa da gudu. Na ƙara wa ɗan notin nan juyi kaɗan, na sake ratayewa, ya tsaya, sai an girgiza ya ɗan sauka. Na gwada, ɗinki ya fito gaba da baya iri ɗaya. Raina ya so in ci gaba da takawa har magariba, tun ina yarinya nake jiran wannan kujerar. Na tashi.

"Zauna," na ce wa matar akawu. "Ba ni Baffa ya zo ji ba."

Ta zauna. Ƙafarta ta manta, wili ya koma da baya, zare ya tsinke. Ta sake, ya sake tsinkewa. Na ce, "Ki bar kallon ƙafarki, ta fi ki sani. Tura wili da hannu, ki bi shi." A karo na gaba ta kama. Ƙarar ta cika ɗakin, kwanonin jere na amsawa, ta fita tsakar gida, ta kai zaure.

Ba a jima ba Inna ta shigo da babbar rigar Baffa a hannu, ta yage daga hammata zuwa aljihu. Ya ce a kama masa. Matar akawu ta shimfiɗa ta, ta yi bisimilla, ta ɗinke. Na bi Inna na laɓe a ƙofar zaure. Ya kai rigar bakin haske, ya bi ɗinkin da yatsa daga farko har ƙarshe. Ya kama gefe da gefe ya ja, irin jan da ake yi wa igiyar shanu. Bai ɓalle ba. Ya ce, "A karkace yake." Ya ninke rigar ya ajiye. Da yamma duk gidan aka ci miyar kaza, aka kai masa cinya, ya ci ya yi godiya. Muka yi ta jira ya aiko da magana, bai aiko ba. Matar akawu ba ta taɓa tuwonta ba. Da ta ga haka sai ta shimfiɗa zane, ta jera 'yan rigunan yaran, ta ƙulle.

Da safe ana yayyafi. An yi wa yaran wanka an shafa musu mai, suna tsaye a bakin labule, ƙullin kaya a gabansu. Baffa ya yi sallama ya shigo, jakarsa a kafaɗa, rigar nan a jikinsa. Ya gaishe da Inna, ya yi mana godiya ɗaki-ɗaki. Ya dafa kan yaron, ya dafa kan yarinyar. Sa'annan ya nuna ƙasa da haɓa.

"Inna, wannan ƙullin fa?"

"Kayan yara ne. Kai ka ce a haɗa."

"Damina ce. Kaya a ƙulle rima suke yi. A kwance a shanya." Ya gyara jakarsa. "In an yi kaka zan aiko da dawa. A ce mata ta riƙa daidaita hannu, mutanen birni ba su da haƙurina."

Ya juya ya fita, ya ce kada kowa ya raka shi cikin ruwa.

Matar akawu ta fito daga bayan labule ta durƙusa a gaban ƙullin. Ta ja, ya ƙi. Ta sa farce, ya ƙi. Da duk ƙarfin da ya rage mata ta ɗaure shi jiya. Na ce a kawo wuƙa, ta girgiza kai. Ta sunkuya ta sa haƙori, tana cikin cizon ƙullin nan ne kukan da ta riƙe tun ranar rasuwa ya ƙwace mata. Inna ta yi mana alama da ido. Muka bar ta da 'ya'yanta, kowa ta koma bakin murhunta.